Daga Indiya Zuwa Bebeji: Tarihin Zancen Makircin Mata a Littattafan Hikima

Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa, ko ya saba da zaman majalisa bayan sallar isha'i, ya san akwai wani zance da ba ya tsufa, wato zancen makircin mata. Za ka ji shi a teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora, za ka ji shi a cikin motar haya daga Kano zuwa Tudun Wada, haka nan in ka buɗe littafin soyayya da wuya ka kai tsakiyarsa ba ka ci karo da kishiya a gaban boka ba. Da yawanmu mun ɗauka wannan magana gadonmu ce tun kaka da kakanni, wasu ma suna ganin kamar wani yanki ne na addini. Gaskiya ne muna da namu tatsuniyoyi da karin magana, amma akwai kaso mai tsoka na waɗannan labarai da ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mana, kuma in aka bi sawunsa sai an dangana da ƙasar Indiya. Abin da nake so mu duba shi ne yadda labaran suka taso, abin da suka ce a kan mata, da kuma yadda duk hannun da suka bi ta cikinsa sai da ya sauya musu wani abu. A nan ne darasin yake, musamman gare mu da muke riƙe da alƙalami.

Hanyar da labaran suka biyo

Shahararren littafin hikima na tsohuwar Indiya shi ne Pancatantra, ma'ana babi biyar. An rubuta shi da harshen Sanskirit, masana kuma suna sanya lokacinsa tsakanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa shekara 300 bayanta. Littafin da kansa ya faɗi dalilin rubuta shi. Wai wani sarki ne yake da 'ya'ya maza uku daƙiƙai, sai ya damƙa su ga wani tsohon malami mai suna Bishnu Sharma, shi kuma ya koya musu dabarun mulki da zaman duniya ta hanyar labaran dabbobi. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa: namiji ne malamin, maza ne ɗaliban, darasin kuwa shi ne yadda mai mulki zai kare kansa daga duk wanda yake kusa da shi.

A zamanin Kisra Anushirwan, wanda ya mulki Farisa daga 531 zuwa 579, likitansa Barzawaihi ya je Indiya ya dawo da littafin, ya juya shi zuwa tsohon Farisanci. Wajen shekarar 750 Abdullahi ɗan Muƙaffa ya mayar da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna, sunayen wasu diloli biyu da suke fadar zaki. Daga Larabci ne littafin ya bazu a duniya, ya shiga Turai, ya kuma iso hannun malamanmu masu karatun Larabci a ƙasar Hausa. Shi ma Alfu Laila, wanda muka sani da Dare Dubu da Ɗaya, tushensa wani littafin Farisa ne, kuma masana da dama suna ganin ginshiƙin labarinsa daga Indiya ya fito. An buga fassararsa ta Hausa a 1924 ta hannun Baturen nan Frank Edgar. To, da me aka buɗe Dare Dubu da Ɗaya? Da sarkin da matarsa ta ci amanarsa, shi kuma ya yanke wa dukkan mata hukunci, kullum ya auri budurwa, gari na wayewa ya sa a kashe ta.

Me suka ce a kan mace?

Idan aka tattara abin da irin waɗannan littattafai suka faɗa, za a ga abu uku ne suke ta maimaituwa: mace ba ta riƙe amana, mace ba ta riƙe sirri, kuma wanda ya bi shawarar mace zai yi da-na-sani.

Ga misali daga babin farko na Pancatantra. Wani masaƙi ya zargi matarsa da fita wajen kwarto, ya yi mata duka ya ɗaure ta a jikin ginshiƙi, ya kwanta barci. Matar wanzami, wadda ita ce kawaliyar, ta zo ta kwance ta, ta tsaya a madadinta domin ta je ta dawo. Masaƙi ya farka cikin duhu ya yi magana, aka yi masa shiru, sai ya fusata ya zaro wuƙa ya yanke hancin wadda ke ɗaure. Da matarsa ta dawo ta koma mazauninta, sai ta ɗaga murya tana roƙon in dai ita mai tsarki ce hancinta ya dawo. Aka kunna fitila, ga hanci lafiya lau, miji ya durƙusa yana neman gafara. Ita kuwa matar wanzami da ta koma gida sai ta tsokani mijinta har ya jefo mata aska, ta kurma ihu wai shi ya yanke mata hanci, aka kai shi gaban alƙali. Labarin yana da ban dariya, an kuma tsara shi don a yi mamakin kaidin mata biyu. Amma a cikinsa babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi namiji ya ɗaure mutum kamar akuya ya yanke masa hanci. Wannan ɓangaren an bar shi kamar ba laifi ba ne.

A babi na huɗu akwai labarin biri da kada, inda matar kada ce ta kwanta ciwon ƙarya ta ce ba za ta warke ba sai ta ci zuciyar biri, aminin mijinta. Wato ko a cikin ruwa, mace ce mai raba zumunci. Littafin Hitopadesha, wanda wani Narayana ya tsara daga baya bisa tsarin Pancatantra, ya ƙara yawan baitocin da ke gargaɗin maza game da mata. Haka nan tarin maganganun hikima da ake jingina wa Canakya, wazirin Sarki Candaragupta, sun lissafa ƙarya da yaudara da kwaɗayi a matsayin halayen da aka haifi mace da su. Shi kuwa littafin dokoki na Manu, wanda ake kira Manusmriti, ya tsara cewa mace tana ƙarƙashin mahaifinta tana yarinya, ƙarƙashin mijinta tana matashiya, ƙarƙashin ɗanta in ta tsufa, ba ta da lokacin da za ta tsaya da ƙafarta. Abin mamaki, a cikin wannan littafi dai aka ce gidan da ake girmama mata shi ne yake albarka, wanda ake baƙanta musu kuwa rushewa yake yi. Baki ɗaya, magana biyu.

Su wa suka rubuta waɗannan abubuwa? Mafi yawansu malaman fada ne na ƙabilar Barahama, sai kuma masu gudun duniya waɗanda suka haramta wa kansu aure. Mutumin da yake faɗa da zuciyarsa a kan mace, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ɗora wa macen laifi. Mutumin da yake koya wa ɗan sarki zargin kowa, ba zai ware matar sarki ba. Su kuwa matan da ake maganarsu, mafi yawansu ba a koya musu Sanskirit ba, balle su rubuta amsa.

Wa ya kashe tunku?

Akwai labari guda da ya fi kowanne nuna abin da nake nufi. A babi na biyar, wani malami da matarsa suna da jariri, suna kuma da tunku da suka raina a gida kamar ɗa. Wata rana aka bar jariri da tunkun, baƙin maciji ya shigo, tunku ya far masa ya kashe shi, ya fito bakin ƙofa da murna, bakinsa duk jini. Wanda ya fara dawowa ya ga jini, ya zaci tunku ya cinye yaron, nan take ya kashe shi, da ya shiga ɗaki sai ga yaro yana barci, ga maciji gunduwa-gunduwa.

To, wa ya yi wannan gaggawa? A tsofaffin kwafin littafin, da kuma a Kalila wa Dimna na Larabci, mijin ne. Matar ta tafi wanka ta bar masa amanar yaron, ɗan aiken sarki ya kira shi ya fita, da ya dawo ya ɗauki sanda ya kashe dabbar. A kwafin Larabci ma matar ce mai hankalin gidan, domin tun tana da ciki ta gargaɗe shi da ya daina cika baki a kan abin da bai zo ba, ta ba shi labarin mutumin da ya yi ta mafarkin arziki har ya fasa tulun zumarsa da sanda. Amma a kwafin da wani malamin addinin Jaina mai suna Purnabadara ya tsara a shekarar 1199, matar ce ta dawo daga ɗebo ruwa ta jefa wa tunkun tulu ta kashe shi. Wannan kwafi na biyu ya yi farin jini ƙwarai, har yara da yawa a yau sun san labarin ne a matsayin labarin mace mai gajen haƙuri.

Ka ga labari ɗaya, tunku ɗaya, maciji ɗaya, amma laifin ya tashi daga kan miji ya koma kan mata. Ba halin mata ne ya sauya tsakanin kwafin farko da na baya ba, hannun mai rubutu ne ya sauya.

Akun da ya sauka a Zariya

Misali na biyu ya fi kusa da mu, domin kusan duk wanda ya yi firamare a Bebeji ko Kiru ko Doguwa ya san akun nan na Magana Jari Ce. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne akun yana da kakanni. A Indiya akwai littafi mai suna Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, wanda ake sanya shi wajen ƙarni na 12. Wani ɗan attajiri ya tafi fatauci ya bar matarsa Parabawati. Ƙawaye suka zuga ta, ta yi kwalliya za ta fita wajen wani namiji. Sai akun gidan ya ce ta tafi, amma in an kama ta tana da dabara irin ta wance? Ta ce wace ce wance? Aku ya kama labari har dare ya raba. Haka aka yi ta yi dare saba'in har mijin ya dawo, kuma mafi yawan labaran na matan da suka yaudari mazajensu ne.

A shekarar 1330 wani malamin Sufaye mai suna Nakshabi ya sake tsara littafin da Farisanci, ya kira shi Tutinama, ya mayar da labaran 52. A kwafin Indiya an ƙare da yafiya, miji da mata suka ci gaba da zamansu. A kwafin Farisa kuwa, da aku ya kwashe labari ya faɗa wa mijin, kashe matar ya yi, alhali ko ƙofar gida ba ta taɓa tsallakewa ba.

A 1936 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Gabas, Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Ya ɗauki akun, ya ɗauki dabarar tsare mutum da labari har gari ya waye, amma dubi abin da ya yi da ita. Babu matar aure mai shirin cin amana. Wanda ake tsarewa shi ne Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, yaron da yake ɗokin ya fita ya bi Mahmudu wajen yaƙi. Maƙiyin da ake tsoro kuwa Waziri ne, namiji, babban bafade mai cin amanar ubangidansa. Ba a ce Imam ya bar zancen wayon mata gaba ɗaya ba, ga Kalalatu nan wadda ta cinye kajin baƙo ta haɗa mijinta da baƙon tsere. Amma ginshiƙin littafin ya ɗauke shi daga kan zargin mace, ya ɗora shi a kan darajar magana da sharrin mugun bafade. Da ya bar shi yadda ya same shi, da yaran ƙasar Hausa sun shafe shekara tamanin da ɗoriya suna koyon karatu da labarin matar da take jiran mijinta ya ba da baya. Wannan zaɓi ne na marubuci, kuma mun ci moriyarsa ba tare da mun sani ba.

Indiyawan da suka ƙi yarda

Kada mai karatu ya ɗauka duk Indiya ta dā bakinta ɗaya. A cikin littafin Upanishad mai suna Birhadaranyaka, wanda ya girmi Pancatantra da ɗaruruwan shekaru, akwai wata mace Gargi da ta miƙe a fadar Sarki Janaka, a gaban taron malamai, ta yi ta jefa wa babban malami Yajnabalkya tambayoyi a kan asalin halitta. Akwai Therigata, tarin waƙoƙi 73 na mata mabiya Buda, wanda yake cikin mafi daɗewar rubutun mata da duniya ta sani. A ƙarni na 6 wani masanin taurari na birnin Ujjain mai suna Barahamihira ya ware babi guda a littafinsa domin kare mata, inda ya ƙalubalanci masu zaginsu da su nuna laifi ɗaya da mata suke yi wanda maza ba sa yi. Ko a cikin Kalila wa Dimna akwai sarauniya Irakta wadda shawararta ce ta hana sarki bin mugayen malaman da suka ce ya yanka iyalinsa saboda mafarki. Ita ma Shaharzad, ai mace ce ta yi amfani da ilmi da magana ta warkar da sarkin da ya haukace da kisa. Waɗannan duk suna cikin taskar, sai dai ba su ake yawan jawowa a majalisa ba.

Magana kuwa in ta daɗe tana yawo takan zama doka. A Indiya sai a 1829 aka haramta ƙona mace da gawar mijinta. Sai a 1856 doka ta yarda matar da mijinta ya mutu ta sake aure. A 1848 Sabitiribai Phule da mijinta suka buɗe makarantar 'yan mata a birnin Pune, mutane suna jifan ta da kashin shanu a hanya. A 1882 wata mata Tarabai Shinde ta buga ɗan littafi tana kwatanta laifin maza da na mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar 25 ga Disamba 1927 Dokta Ambedkar, wanda daga baya ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya jagoranci ƙona littafin Manu a bainar jama'a a garin Mahad. Sai a 2005 aka gyara dokar gado ta mabiya addinin Hindu, 'ya mace ta sami haƙƙi daidai da ɗa namiji a dukiyar kakanni. Duk da haka ƙidayar 2011 ta nuna cewa a cikin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, mata 919 ne ga kowane maza 1,000, kuma babban dalilin shi ne iyayen da ba sa son haihuwar mace. Ba na cewa tatsuniya ce ta jawo wannan duka. Talauci da tsadar aurar da 'ya da tsarin gado suna da nasu kason. Amma tatsuniya ita ce take sa mutum ya yi zalunci ya kwanta ya yi barci, domin tun yana yaro an gaya masa wadda ya zalunta ba abar yarda ba ce.

Mu dawo gida

Yanzu bari mu auna wannan hikima da tarihin ƙasarmu. Babu wani ɗan Bebeji da sunansa ya kai na Alhassan Ɗantata nisa. An haife shi a Bebeji a 1877 a cikin zuri'ar Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce da kanta, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta ci gaba da sana'arta, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta raini Alhassan, daga sunanta ne aka sami Ɗantata. Yaron ya girma ya yi fataucin goro, ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Har gobe zuri'arsa da sunan Tata ake kiran su. Littafin Canakya ya ce mace ba ta da amana, ga shi gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Kano yana amsa sunan macen da aka ba amana ta riƙe. Littafin Manu ya ce mace ba ta tsayawa da ƙafarta, ga Amarya ta tsallaka ƙasashe tana juya dukiya.

Ba sai an je tarihi ba ma. A Tudun Wada, shinkafar da ake loda wa motoci, mata nawa ne suka turara ta suka shanya a cikin gidajensu? A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, wa yake soya kifin da ake sayarwa? Matan Fulani da ke fitowa daga rugagen gefen dajin Falgore da ƙwaryar nono a ka, da kuɗin wa ake sayen gishiri da sabulu? Kuma a duk unguwa, adashin da ake tara dubban nairori ba takarda ba shaida, a hannun wa yake? Uwar adashi ce. Al'ummar da take ajiye kuɗinta a hannun mata da rana, ita ce kuma take cewa da dare mace ba abar yarda ba ce.

Wasu kan ce ai Alƙur'ani ma ya ambaci kaidin mata a Suratu Yusuf. Haka ne, amma maganar Azizu Misra ce ga matarsa a kan abin da ta aikata. Kuma a cikin surar dai, kaidin farko da aka ƙulla wa Annabi Yusuf (AS) 'yan'uwansa maza ne suka ƙulla shi, su suka jefa shi rijiya suka zo da kukan ƙarya, ba mu kuma taɓa jin an ce saboda haka dukkan maza maciya amana ne ba. Maganar nan da ake yawo da ita cewa a shawarci mata sannan a saɓa musu, malaman hadisi sun ce ba ta da asali. Abin da ya tabbata shi ne a Hudaibiyya shawarar Ummu Salama (RA) Manzon Allah (SAW) ya bi aka fita daga mawuyacin hali. A nan ƙasar Hausa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Saboda haka duk wanda zai zargi mace don kawai mace ce, ya nemi wata madogara.

Illar zancen kuwa a fili take. Da shi ake cire yarinya daga aji uku na sakandare, wai in ta yi ilmi wayonta zai yi yawa. Da shi 'yan'uwa maza suke riƙe gonar gado su ce in an ba ta miji zai cinye, alhali Allah Ya yanka mata rabonta. Da shi magidanci yake ɓoye wa matarsa dukiyarsa da basussukansa, ranar da ya faɗi ya mutu a bar ta da marayu ba ta san inda komai yake ba. Da shi kuma ake sakin mace a kan jita-jita, kamar yadda aka kashe tunku kafin a leƙa ɗaki.

Alƙalami yana hannunmu

Mu marubutan da ake kira na adabin kasuwar Kano, maza da mata, mu ne magadan akun nan a yau. Littattafanmu sun shiga ɗakunan da jarida ba ta shiga, yanzu kuma labarai suna yawo a wayoyi ta WhatsApp da Facebook, ana karanta su a gidajen rediyo. Ba ina cewa a daina rubuta muguwar kishiya ko azzalumar uwar miji ba. Akwai su, kowa ya san su, labari kuma ba ya daɗi sai da mugu. Abin da nake cewa shi ne marubuci ya tambayi kansa: wannan mata da na sa ta tafi wajen boka, na nuna abin da ya kai ta? Na nuna mijin da ya yi wata uku bai shiga ɗakinta da cefane ba, ko kuwa na bar shi fes kamar masaƙin da ya yanke hanci? Mugunta tata ce ita kaɗai, ko na rubuta ta yadda mai karatu zai rufe littafi ya ce haka mata suke?

Muna da waɗanda suka nuna hanya. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, inda ta juya madubin ya kalli magidancin da yake wulaƙanta iyalinsa. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne akwai muguwar mace, amma ba a ɓoye mijin da ya buɗe mata ƙofa ya kori uwar 'ya'yansa ba. Wani abin sha'awa, a shekarar 2012 an buga fassarar wannan littafi ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, kuma kamfanin Blaft na birnin Chennai a ƙasar Indiya ne ya buga ta. Ƙasar da ta aiko mana da labaran aku, yau 'ya'yanta suna karanta labarin Rabi da wata Bakanuwa ta rubuta.

Littattafan hikimar Indiya suna da abin koyo mai yawa, a kan abota, da haƙuri, da sharrin annamimi, da haɗarin gaggawa, shi ya sa suka rayu kusan shekara dubu biyu. A karanta su, a ji daɗinsu, a ba yara. Amma a tuna mutane ne suka rubuta su, masu tsoro da son zuciya irin namu, kuma kowane mai kwafi ya ƙara ya rage. Purnabadara ya ɗora wa mace tulun da ba ita ta fara ɗauka ba, Nakshabi ya kashe wadda aka yafe wa, Abubakar Imam ya sauke mata kayan gaba ɗaya ya ɗora wa Waziri. Yarinyar da take karanta littafinka a Kiru ko Riruwai, da yaron da zai aure ta gobe, daga hannunka za su karɓi nasu kwafin.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci a rubutunmu da gidajenmu, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.